Yadda na gyara wayoyin ƙofar bayan a-kori-kurata

Ranar da muke lodin albasa a Aliero ne na lura cewa ƙofar bayan motata ta karkace idan an sauke ta, domin wayar ƙarfen da ke riƙe ta a hagu ta miƙe tam, ta dama kuwa tana reto. Ma'ana, duk nauyin buhunan da na masu lodin da ke takawa yana kan waya guda.

Da na koma Birnin Kebbi, sai na tokare ƙofar da benci, na kwance wayoyin biyu, na jera su a ƙasa. Ta hagu ta gaza ta dama da kusan rabin inci, ashe mai motar na farko guda ɗaya ya sauya, bai kuma damu da awo ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohuwar: robar da ta lulluɓe ta ta tsage daidai inda take lanƙwashewa, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta cinye silin ƙarfen daga ciki alhali waje lafiya lau.

Wani ya ba ni shawarar in murɗa doguwar har ta gajarce, amma ban yarda ba, saboda murɗi yana raunana waya. Na sayo sababbi biyu masu tsawo ɗaya, na auna su daga rami zuwa rami a gaban mai shago, na ɗaura, na ƙara matse kusoshin. Yanzu dukansu suna ɗaukar nauyi tare, ƙofar kuma ta kwanta daidai da bodin.