Yadda za ka haɗa tarihin ƙungiyarku ta kare tsuntsaye tun dattawa na da rai

Mu dai tamu ƙungiyar a nan gefen Maga, a arewacin Kamaru, babu wanda ya taɓa rubuta komai a kanta, sai bara da wani dattijonmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, muka gane ashe rabin labarin a cikin kansa yake. To ga yadda na bi.

Kar ka fara da takardar ofishin prefe, wato shugaban mulkin yanki, ita ranar rajista kawai take nunawa, mutane kuwa suna fita ƙirgen tsuntsu tun kafin dokar ƙungiyoyi ta 1990. Fara da tsofaffi. Ka je bayan la'asar da ɗan goro da sukari, ka ce Baba ɗaukar karatu na zo, kuma ka nemi izini kafin ka danna rikodin a waya.

In ka tambayi tsoho shekara zai ce maka ai da daɗewa, shi ke nan. Sai ka ce masa kafin hukumar noman shinkafa ta SEMRY ta gina dam ɗin Maga ne ko bayan nan, wannan 1979 ke nan, ko lokacin farin 1984, ko 1994 da aka buɗe ruwa ya fara komawa yaere, wato fadamar da ambaliya ke cikawa, wallahi nan take za ka ga bakinsa ya buɗe don dam ɗin nan shi ya tare ambaliyar kogin Logone, ciyawa ta mutu kifi ya ragu, gauraka da dinya da kirinjijiya suka yi ƙaranci, duk wanda ya gani da idonsa bai manta ba.

Sai littattafan ƙirge na watan Janairu, ƙirgen tsuntsayen ruwa da ake yi a duniya tun 1967. Namu a akwatin ƙarfe na same su ƙarƙashin gado, gara ta cinye gefe ɗaya, wani shafin ma laka ce ta manne shi. Ka ɗauki hoton kowane shafi kafin ka ɗaga littafin daga gidan. Kar ka gyara lambar kowa ko da ka ga kamar an yi ƙari. Ka kula da suna, tsuntsu ɗaya wani ya rubuta da Hausa wani da Fulatanci wani da Faransanci, ni sai da na ƙirga zalɓe ɗaya sau uku.

Tsofaffin masu gadin dajin Waza da waɗanda suka yi makarantar namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, suna da hotuna, ka neme su.

Rigima ma ka rubuta ta. Manomin shinkafa da tsuntsu jan baki ya cinye wa gona ba ya son jin zancenmu, ka je ka zauna da shi, ka sa maganarsa yadda ya faɗa ko da zagi ne.