Gyaran manhajar fiziks: inda kwamitin sashe ya fi tuntuɓe

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin, BMAS. Hukumar ta riƙe kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da kanta. Tsarin ya hau kan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato kamar yadda ya hau kan kowace jami'a a ƙasar nan. Kurakuran da ke tafe ba na wata makaranta guda ba ne, abubuwa ne da ke maimaita kansu duk inda malaman fiziks suka zauna gyaran manhaja.

Babbansu shi ne fara zama da jerin sunayen kwasa-kwasai. Kowane malami ya shigo da kwas ɗin da ya yi digirin digirgir a kansa, a yi ta ja-in-ja kan wanda za a ba yunit biyu da wanda za a ba uku, a tashi da takarda mai kyan gani, ba wanda ya tambayi da wane lissafi ɗalibi zai shiga kowane aji. Alhali fiziks gini ne, ba a ɗora rufi kafin bango ya tashi.

Matsalar tana farawa tun daga ajin farko. PHY 101, kwas ɗin fiziks na zangon farko, yana bayanin gudu da ƙaruwar gudu da harshen kalkulas, shi kuwa kalkulas ɗin yana cikin kwas ɗin lissafi na MTH 102, sai zango na biyu. Yaron da ya yi ƙarin lissafi a sakandare zai bi malam. Wanda bai yi ba, kuma su ne suka fi yawa, sai ya haddace dabara ya zuba a jarrabawa. Haddar tana kai shi aji biyu lafiya. A aji uku take yashe shi, ranar da malamin lantarki da maganaɗisu ya rubuta lissafin Maxwell a allo yana zaton kowa ya iya kalkulas na bekta, ko malamin kwantam ya rubuta lissafin Schrödinger ga ɗaliban da ba su taɓa warware lissafin difarenshiyal mai mataki biyu da hannunsu ba. Nan za ka ji murya daga bayan aji: "Malam, ba a koya muna wannan ba." Sau da yawa gaskiya yaron ya faɗa. An sa abin a manhaja, amma a zangon da ke gaba, ko a wani kwas na zaɓi da rabin ajin bai ɗauka ba.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A samo babbar takarda a manna a bango, a rubuta kowane kwas a zangonsa, a ja kibiya daga kowane darasin fiziks zuwa darasin lissafin da yake dogara a kansa. Duk kibiyar da ta nufi gaba maimakon baya, nan aiki yake. A gayyato malamin sashen lissafi ya zauna a wannan zaman, don shi ya san makon da yake kaiwa kowane babi, ba abin da aka buga a littafin tsangaya ba. Inda kwas ɗin na NUC ne ba a iya ɗaga shi, a ware makonnin farko don darasin ƙari a rukuni-rukuni. A ganina, yunit biyu na lissafin fiziks a aji biyu ya fi wa ɗalibi amfani fiye da kwas mai sunan zamani a ajin ƙarshe.

Sai ɗakin gwaje-gwaje. A ƙa'ida yunit ɗaya na lakca awa 15 ne a zango, yunit ɗaya na firaktikal kuwa awa 45, wato awa uku kowane mako. Kwamiti kan rubuta "yunit ɗaya" ya wuce, ya manta PHY 107 da PHY 108, kwasa-kwasan firaktikal na ajin farko, ba na 'yan fiziks kaɗai ba ne, ɗaliban kimiyya na wasu sassa ma suna yi. A ce ɗalibai 600 ne, ɗakin yana ɗaukar 50. Rukuni 12 ke nan, awa 36 a mako, ajin farko kaɗai ya cinye ɗakin. Idan ba a yi wannan ƙididdiga ba, ƙarshenta mutum goma ne kan igiyar lilo guda: ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya ƙirga kai-komo, takwas su kwafi rahoto. Don haka kafin a ƙara firaktikal ko ɗaya, a kira babban ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, ya zo da jerin kayan da ke aiki yau, ban da waɗanda ke cikin kwali suna jiran fis ko batir. A tambaye shi kuma gwaje-gwajen da ke yiwuwa idan an ɗauke wuta. Shi ne mutumin da aka fi mantawa da shi a irin wannan zama, kuma ya fi kowa sanin amsar.

Kashi 30 ɗin nan ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Wasu kan kwaso na wata jami'a daga intanet su canja lambar kwas, shi ke nan. Amma Sakkwato tana da abin da za ta koyar wanda ba kowa ke da shi ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato tana cikin Jami'ar Ɗanfodiyo tun shekarun 1980, aikinta kuwa hasken rana ne da sauran makamashi mai sabuntawa. Ɗauki faifan sola guda. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma faifan silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya ƙaru. A watan Afrilu, lokacin da iskar gari ke haura digiri 40, faifan da ke kan rufi yana iya kai 60, asarar kusan kashi 14 ke nan tun ba a zo maganar ƙurar hunturu ba. Ɗalibi da mitar awon lantarki da ma'aunin zafi zai iya gano wannan da kansa a harabar sashe, ya goge faifan ya sake aunawa. Akwai kuma neman ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna yadda ƙasa ke tare lantarki, aikin da masu haƙa rijiyar burtsatse ke biya a yi musu. Akwai fiziks na asibiti, ga asibitin koyarwa a gari. Akwai lissafin tsayuwar wata, a garin da ƙasa duka ke sauraron sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Ba duka za a ɗauka ba. A zaɓi biyu, a yi su da zurfi, daga aji uku har furojet.

A nan sai an yi hattara da kwas na mutum ɗaya. Idan farfesa guda ne kaɗai zai iya koyar da shi, ranar da ya tafi hutun bincike ko aka ba shi muƙami, kwas ɗin ya zama suna a takarda. Kowane sabon kwas a rubuta masa malamai biyu, in babu na biyun a bar shi na zaɓi.

Koyon rubuta manhajar kwamfuta kuma kada a jibge shi a kwas ɗaya a wuce. Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, kyauta ne. A sa ɗalibi ya zana sakamakon firaktikal da shi tun aji biyu, kowane zango ya taɓa shi ko sau ɗaya. Haka kuma a daina tsara manhaja kamar kowa zai zama mai bincike. Da yawan waɗanda suka gama digirin, ajin sakandare za su shiga su koyar, tun daga bautar ƙasa, kuma su ne za su turo ɗaliban PHY 101 na gobe. Gabatar da darasi a gaban aji, da haɗa gwaji da kayan da ake samu a kasuwa, sun cancanci maki.

Wanda ya fi jawo kuka a ofishin shugaban sashe shi ne mantawa da ɗaliban da canjin ya riska a tsakiya. Yarinya tana da kari-oba a kwas na aji biyu, an soke kwas ɗin, ko an haɗe shi da wani, ko yunit ɗinsa ya ragu daga uku zuwa biyu. Me za ta yi rajista? Wanda yajin aiki ko rashin lafiya ya mayar baya fa? Masu shigowa aji biyu kai tsaye da NCE ko difloma, wane sabon kwas na ajin farko za a ɗora musu? Idan aka bar wannan sai lokacin rajista, jami'in jarrabawa zai riƙa yanke hukunci ɗaya bayan ɗaya, yau haka gobe haka, ranar tantance masu kammalawa kuma a tarar wani bai cika yunit 120 da ake buƙata don kammalawa ba. Abin yi shi ne jadawali mai shafi ɗaya: tsohon kwas a hagu, wanda ya maye gurbinsa a dama, da shekarar ƙarshe da za a sake ba da tsohuwar jarrabawa. A kai shi majalisar jami'a tare da sabuwar manhajar a zama guda, a ba masu kula da shafin rajista kwafi kafin a buɗe shi, a manna wani a allon sanarwa na sashe.