Kaskon ruwa don tsuntsayen tsakar gida

'Yan uwa, zafin bazara ya kankama, kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye sai haki suke yi. A samu kaskon ƙasa mai faɗi, ya fi roba sanyaya ruwa. Kada zurfin ruwan ya wuce santimita 5, kuma a jefa duwatsu biyu su samu wurin sauka, don ƙananan kan nutse. A ajiye shi a inuwar darbejiya, nesa da lungun da mage za ta laɓe. Ruwan kuwa a riƙa canza shi kullum, a goge gansakuka da soso, ban da sabulu. In aka bar shi ya yi mako, 'ya'yan sauro za su cika shi. Masu kaji a ware musu nasu kaskon, saboda cuta.