Yadda ake ɗanɗana man zaitun na yankunan Italiya

Ka samo kwalba uku masu tambarin DOP ko IGP, wato shaidar da ke tabbatar da yankin da man ya fito: ta Liguriya, ta Toskana, da ta Puliya. Kowane yanki da irin zaitun ɗinsa.

Da farko zuba cokali ɗaya a ƙaramin kofin gilashi. Rufe bakin kofin da tafin hannu, ɗaya hannun ya rungumi gindinsa har man ya ɗumama. Ƙwararru kan kai shi digiri 28 a ma'aunin Celsius. Sai ka buɗe ka shinshina.

Sannan ka kurɓi kaɗan, ka ja iska ta tsakanin haƙora don man ya bazu a baki, kana ka haɗiye.

Fara da na Liguriya, na zaitun Taggiasca, domin shi ne mai sanyin ɗanɗano. Na Toskana ƙamshin ɗanyar ciyawa gare shi, da ɗan yaji. Na Puliya, musamman na zaitun Coratina, bar shi ƙarshe: yana da ɗaci, ya kama maƙogwaro har ka yi tari. Kada tarin nan ya tsorata ka, alamar sabon mai ce, kuma ni shi na fi so.

Tsakanin kowane kofi ka ci yankan tuffa, ka sha ruwa.