Kurakuran da masu jego suka fi yi wajen shayar da nono zalla

Na gaji da jin amsa iri ɗaya daga bakin masu jego. Idan na tambayi mace, "Nono zalla kike ba shi?" sai ta ce e. Idan na ƙara da "Ruwa fa?" sai ta ce, "Ai ruwa kam dole ne, ɗan kaɗan da cokali." To 'yar'uwa, wannan ba nono zalla ba ne. Nono zalla shi ne tun daga ranar haihuwa har wata shida babu abin da zai wuce maƙogwaron yaro sai nonon uwarsa. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne maganin da likita ya rubuta, da ɗigon rigakafi, da ruwan gishiri da sukari idan ma'aikacin lafiya ya ce a ba shi. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shimfiɗa.

Mu ba mutanen da ke ƙin shayarwa ba ne. Kusan kowace uwa a ƙasar nan tana ba da nono, wasu har shekara biyu. Amma binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2013 ya nuna kashi 17 cikin 100 ne kacal na jariran da ba su kai wata shida ba suke shan nono zalla, a na 2018 kuma ya kai kashi 29. Ke nan nonon muna bayarwa, abin da muke haɗawa da shi ne yake ɓata aikin. Kuma asarar babba ce. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa da ana shayarwa yadda ya kamata a ko'ina, da an ceci ran yara kimanin 823,000 a kowace shekara, da an kauce wa wajen rabin gudawar da ke kama yara da kashi ɗaya cikin uku na cututtukan numfashi, da kuma mata 20,000 ba su mutu da sankarar mama ba duk shekara.

Zan fara da ruwa, domin shi ne ya fi ƙona mini rai.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce zafi. A ce wannan rana ta bazara, babba ma yana neman randa, balle jinjiri. Wasu har cewa suke hana shi ruwa zalunci ne, wai zai tashi da rowa ko rashin tausayi. Na san tausayi ne yake sa a faɗi haka, amma tausayin ya sauka inda bai dace ba. Kimanin kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Wanda yake fara fitowa idan yaro ya kama tsinkakke ne, yana kashe ƙishirwa, na bayansa kuma mai kauri da maiƙo shi ne yake ƙosarwa. An gwada wannan a ƙasashe masu tsananin zafi irin su Indiya, aka auna fitsarin jariran da ba a ba su ruwa, aka ga jikinsu bai rasa ruwa ba.

Ruwan da kike ba shi kuwa ɓarna uku yake yi. Yana cika ɗan cikin nan da abin da babu abinci a cikinsa, yaro ya rage tsotso, nono kuma ya ragu, don nono tsotso yake bi. Yana shigar da ƙwayoyin cuta, ko daga ruwan, ko daga cokali, ko daga hannun mai bayarwa. Kada ki ce mini ai ruwan leda ne, ko kin tafasa. Cokalin da kofin fa, da ƙudan da ya sauka a kansu? Na uku, ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, idan ruwan ya yi yawa yana tsinka gishirin da ke cikin jininsa har ya kai ga jijjiga.

Ɗana na fari a bazara na haife shi, na je wankan jego gidanmu. Tsofaffin gida suka ce ba za a bar yaro da ƙishirwa suna gani ba, kullum bayan wanka a ɗiga masa ruwa, daga baya aka ƙara da ɗauri wai don cikinsa ya yi ƙwari. Kafin arba'in gudawa ta kama shi. Idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, kukansa ya koma kamar ba shi ba, har ya daina kama nono. A asibiti aka nemi jijiya a hannu aka rasa, sai a kai aka sa masa ƙarin ruwa. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma ya daɗe bai mayar da jikinsa ba, kuɗin da aka kashe kuma ba a magana. Waɗanda suka ba shi ruwan suna ƙaunarsa, sun yi kuka tare da ni. Ƙaunar ba ta hana cutar shiga ba. Shi ya sa idan na ga yarinya mai haihuwar fari tana murmushi tana cewa "ɗan kaɗan ne", ba na iya yin shiru.

Gyaran da nake yi, kuma nake koya wa ƙannena, ba a ranar haihuwa ake fara shi ba. Mai jego a kwance take, jiki ya yi tsami, ga kunyar ɗan fari, ba za ta iya ja da uwar mijinta ba, kuma bai kamata a sa ta ba. Tun ciki yana wata bakwai ko takwas ki zauna da maigida ki fahimtar da shi, shi kuma ya je ya sami Hajiya cikin ladabi ya ce wannan shi ne abin da aka ce a wajen awo, kuma shi ma haka yake so. In da hali ki roƙi Hajiyar ta raka ki awo ta ji da kunnenta. Magana daga bakin ɗanta ta fi shiga fiye da daga bakin surukarta. Ku kuma maza, ku daina cewa wannan harkar mata ce. Idan yaro ya kwanta ku ake nema da kuɗin magani, to ku sa baki tun kafin nan. Idan aka matsa da maganar zafi, ni abin da nake cewa shi ne, "Inna, ba ni ruwan in sha, zai same shi a nono." Sai in sha a gabanta in sa yaro a nono. A lokacin zafi yawan ba shi nono shi ne maganin ƙishirwarsa. Shaƙuwa ma haka, nono ake ba shi, ba ruwa ba.

Sai zubar da dakashi. Har yau akwai gidajen da ake matse nonon farko a zubar, wai datti ne ko yana da ƙaiƙayi, a riƙe yaro da ruwan zafi ko madarar shanu har kwana uku. Wasu ma sai an tatsa an jefa tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon ba shi da kyau. Tururuwa nutsewa take yi a abu mai kauri, ba wani abu ba. Wannan ruwan ɗorawar mai danƙo shi ne rigakafin farko na yaro, cike yake da garkuwar jikin uwa, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko, abin da ke rage ciwon shawara. Ƙanƙantarsa kada ta dame ki, cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba a lokaci guda. Kuma kada a jira sai an yi wanka an gyara ɗaki. A ɗora shi a ƙirjinki, fata da fata, ya kama cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Wani bincike da aka yi a karkarar Ghana aka buga a 2006 ya ƙiyasta cewa fara shayarwa cikin sa'ar farko zai iya hana kashi 22 cikin 100 na mutuwar jarirai a watansu na farko. Ke ma kina da riba, tsotson yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Maganar tahniki da rubutu da zamzam ina taka ta a hankali. Tahniki shafa ɗan laushin dabino ne a dasashi sau ɗaya, ba ɗura ba ne, ba kuma abin yi kullum ba ne. Rubutu da zamzam a gidana ni nake sha, a shafa wa yaro a ka a yi masa addu'a. Zuma kuwa babu sassauci: kada ta shiga bakin yaron da bai cika shekara ɗaya ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagare shi.

Wani kuskuren da nake ɗaga murya a kansa shi ne "nonona ba ya isarsa". Da wannan jimlar ake buɗe wa madarar gwangwani ƙofa. Yaro ya yi kuka da yamma, maƙwabciya ta leƙo ta ce ai yunwa ce, ki haɗa masa da madara. A sayo gwangwani da fida. Yaro ya saba da robar da ke zubo masa ba wahala, ya fara ƙin nono, nonon ya ja baya da gaske, abin da ake tsoro ya tabbata. Sannan kuɗin gwangwani ya gagara, a fara tsinka madarar da ruwa mai yawa don ta kai ƙarshen wata, daga nan sai rama da tamowa. Na ga wannan ya faru a gidajen da uwa take da nonon da zai ƙosar da tagwaye. Haba! Kuka ba awo ba ne. Girman mama ma ba awo ba ne, laushinsa bayan 'yan makonni kuma ba alamar ƙafewa ba ce. Awon gaskiya shi ne fitsari da sikeli. Idan bayan kwana biyar da haihuwa yana jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin ba ja ba, yana kashi, nauyinsa na hawa a katin awo, to yana ƙoshi. Raguwar nauyi kaɗan a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, yakan mayar cikin mako biyu. Kuma akwai ranakun da zai nemi nono kamar ba zai saki ba. Girma yake yi, yana kiran ƙarin nono ne, ki ba shi.

Sau da yawa ma nonon yana nan, kamun ne bai yi daidai ba. Idan kan nono kaɗai yake tsotsa, ke za ki ji zafi har ya tsage, shi kuma ba zai sami komai ba. Ki juyo da shi cikinsa ya manne da naki, ki jira ya wage baki sosai, sannan ki kawo shi ga nonon, ba ke ki sunkuya ki kai masa ba. Haɓarsa ta taɓa mama, leɓen ƙasa ya juyo waje, mafi yawan baƙin da ke kewaye da kan nono ya shige bakinsa, ki riƙa jin haɗiyarsa. Idan da zafi, ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi ki sake. Ni ban yarda mai haihuwar fari ta bar asibiti ba sai ungozoma ta tsaya ta ga yadda yaro yake kamawa. Idan an gyara kamu, ana shayarwa dare da rana, amma nauyi ba ya hawa, ko yaro ya yi laushi ya ƙi tsotso, ko jikinsa ya yi zafi, wannan na asibiti ne a ranar, ba na mai shago ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Kada ki riƙa sauya masa mama bayan minti biyu, ki bari ya gama da ɗaya ya saki da kansa don ya kai ga mai maiƙon. Kada ki kafa masa agogo. Jariri yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma na dare yana da muhimmanci wajen riƙe yawan nono. Kada ki jira kuka, da ya fara juya kai yana tsotsar hannu ki sa shi. Daina dirje kan nono da sabulu kafin kowace shayarwa, wankan yau da kullum ya isa. Zazzaɓi ko mura ba sa ɓata nono, ki gaya wa likita kina shayarwa ki ci gaba. Mama ya kumbura ya yi tauri? Shi ne wanda za ki ci gaba da bayarwa, in da zazzaɓi ki je a duba ki. Mai ɗauke da cutar HIV ta riƙe maganinta ta bi abin da aka tsara mata a asibiti, don haɗa nono da wani abu ya fi nono zalla haɗari ga yaron. Wadda kuma ta dogara da shayarwa don tazarar haihuwa ta sani sharaɗi uku ne: nono zalla dare da rana, al'ada ba ta dawo ba, yaro bai kai wata shida ba. Ɗaya ya faɗi, kwanika na iya shiga. In ta shiga ma, nonon mai ciki ba guba ba ne, ba a yaye jariri dare ɗaya saboda shi.

Kunun kanwa ba na shan sa, ba na kuma ba wa kowa shawararsa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kunun gyaɗa, tuwo da miyar ganye, wake, ƙwai, ɗan nama ko kifi, da ruwa duk lokacin da kika ji ƙishirwa sun wadatar.

Mai komawa aiki ko makaranta, ki fara koyon tatsa da hannu tun kafin hutu ya ƙare. Ki tatsa a kofi mai murfi da aka wanke sosai. Yana kaiwa sa'a huɗu bai lalace ba a inuwar ɗaki, ni a bazara ba na bari ya kai haka, a firji mai tsayayyen sanyi kuma kwana huɗu. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin a ruwan ɗumi, ba a wuta ba, a ba shi da ƙaramin kofi maimakon fida. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana a lokacin aiki, ki nemi haƙƙinki.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su kai yaro wata tara ko goma a kan nono kaɗai don sun ji an yabe shi. Daga wata shida nono ba ya isar da duk abin da jikinsa ke nema, musamman abin da ke gina jini. A nan ake fara ruwa mai tsabta a kofi, da kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, a sa masa gyaɗa ko waken suya, a dama masa ƙwai ko kifi ko dankalin Hausa, sau biyu ko uku a rana. Nonon kuma ba a janye shi, ana ci gaba har shekara biyu kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata.