Babi na 6: Fara Aiki da Injin Zarton Yankan Zane

Darasi na 1: Ku san injin tukuna

Wannan inji ɗan ƙarami ne, a kan benci ake ɗora shi. Yana da faffadan faranti na ƙarfe inda ake kwantar da katako, da rami a tsakiyar farantin. Ta wannan rami ne ruwan zarto ya ratsa a tsaye. Ruwan zarto shi ne siririn ƙarfen nan mai haƙora, tsawonsa inci 5, wato kusan santimita 13. Idan aka kunna inji, ruwan yana hawa yana sauka a wuri ɗaya kamar allurar keken ɗinki. Ba ya zuwa ko'ina. Ku ne za ku riƙa juya katako da hannu biyu, kuna bin layin zane.

Da shi ake yanka haruffa, da siffar tsuntsu ko kifi, da kayan wasan yara, da ado mai huji-huji. Idan kun ga an rubuta inci 16 ko inci 20 a jikin inji, nisan da ke tsakanin ruwan zarto da bayan injin ake nufi. Mai inci 16 ya ishi mai koyo.

Ku tanadi katakon filawud mai kaurin milimita 6, da fensir, da gam, da salatif na takarda, da samfefa, da tabaran kare ido, da takunkumin rufe hanci. Ruwan zarto kuwa ku sayi dozin, domin karyewa yake yi, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Akwai lamba a jikin takardarsa. Ƙaramar lamba siririn ruwa ne na katako marar kauri, babbar lamba kuma ruwa mai kauri. Ku fara da lamba 5.

Darasi na 2: Ɗaura ruwan zarto

A nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Kada kowa ya ji kunya, duk kafintan da kuka gani ta nan ya bi.

Da farko ku zare wayar inji daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, ku zare wayar ku ajiye ta inda idonku yake ganinta.

Yanzu ku ɗauki ruwan zarto ku dube shi a wuri mai haske. Gefe ɗaya sumul yake, shi ne baya. Ɗaya gefen yana da haƙora, shi ne gaba. Abu biyu ake so: haƙora su fuskance ku, kuma tsininsu ya kalli ƙasa. Ku faɗa da bakinku: haƙora gaba, tsini ƙasa.

Haƙoran ƙanana ne ƙwarai, ido ba lalle ya rarrabe ba, musamman ga waɗanda ganinsu ya ragu. To yatsa zai gaya muku. Ku riƙe ruwan a tsaye, ku ɗora kan yatsa a hankali, ba da ƙarfi ba, ku ja yatsan sama. Idan kun ji haƙora suna kama fata, daidai ne. Ku ja yatsan ƙasa, ya kamata ya zame salin alin. Idan ya zame a hawa ya kama a sauka, ruwan a kife yake, sai ku juya shi.

Ga dalili. Injin yana yanka ne lokacin da ruwa yake sauka, saukar kuma tana danne katako a kan faranti. Idan tsini ya kalli sama, ruwan zai riƙa ɗaga katakon yana buga shi da faranti, kaf-kaf-kaf, har ya kuɓuce muku. Na sha ganin mai koyo ya firgita ya ja da baya, yana cewa injin ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Ruwa ne kawai a kife. Haƙora gaba, tsini ƙasa.

Ku zura ruwan ta ramin faranti. Ku fara ɗaure shi a maƙalin ƙasa, wato abin da ke riƙe ruwan a ƙarƙashin faranti, ku murɗa notin har ya kama. Sannan na sama. Ƙasa tukuna, sama daga baya. Kafin ku ɗaure na saman, ku sake taɓawa da yatsa. Na san kun riga kun taɓa, ku sake, domin wajen lalube a ƙarƙashin faranti ruwa yakan juya a hannu ba ku sani ba.

Saura ɗame shi. Akwai abin murɗawa ko ɗan hannu a saman inji, shi yake jan ruwa ya miƙe. Ku murɗa kaɗan, sannan ku ɗan taɓa bayan ruwan da farce ku saki. Ruwa mai sako-sako ƙararsa a dushe take. Wanda ya ɗame yana ba da siririyar ƙara mai tsayi. Sai ku tura shi gefe da yatsa: kada ya gota fiye da milimita 3, wato rabin kaurin filawud ɗinku. Sako-sako yana kauce wa layi, ya lanƙwashe, ya karye. Wanda aka ja fiye da kima shi ma tsinkewa yake yi, ko ya zame daga maƙali. Ba za ku dace a karon farko ba, kunne ne yake koya a hankali.

Aikin yi: ku kwance ruwan gaba ɗaya, ku ajiye shi a kan benci, ku sake ɗaurawa. Ku yi haka sau 5 kafin ku kunna inji. Kowane karo ku bi tsari: zare waya, haƙora gaba, tsini ƙasa, maƙalin ƙasa, maƙalin sama, ɗamewa, saurare.

Ina roƙonku kada ku tsallake wannan aiki. Akwai masu yin sau ɗaya su ce sun iya, washegari su zo da katako a tsage suna tambayar abin da ya faru. Haba, jama'a! An rubuta, an karanta muku, an nuna a gabanku. Minti nawa ne taɓa ruwa da yatsa? Wanda ba zai iya haƙurin wannan ba, yaya zai yi da zane mai lanƙwasa ɗari? Ku koma ku yi sau biyar ɗin.

Darasi na 3: Yanka na farko

Ku manna salatif na takarda a fuskar katako, sannan ku shafa gam ku liƙa takardar zane a kan salatif ɗin. Haka zai sa ta ɓare cikin sauƙi in an gama. Zanen farko layi ne miƙaƙƙe, sai mai lanƙwasa, sai da'ira. Tsuntsu zai jira.

Ku sa tabarau da takunkumi, domin ƙurar katako tana cutar da huhu. Ku naɗe hannun riga. Kada ku sa safar hannu. Kafin ku mayar da waya a soket, ku duba: haƙora gaba, tsini ƙasa.

Ku kunna inji a matsakaicin gudu. Hannu biyu a kan katako, ɗaya dama ɗaya hagu, kuna danne shi. Kada yatsa ya tsaya a kan layin da ruwa yake bi. Ku matsa da katakon sannu sannu, ku bar haƙora su ci. In kun ga ruwa yana lanƙwasa baya, ko kun ji ƙaurin ƙuna, kun tura da yawa ko ruwan ya dakushe. Yawancin ruwa yakan ɗan ja zuwa gefe ɗaya, sai ku karkata katakon kaɗan har yanka ya hau layi. In kun kauce, ku dawo kan layin a hankali, idan an ɓare takarda ba mai ganewa. Ruwa in ya karye yana da ƙara mai razanarwa. Ku kashe inji, ku zare waya, ku koma Darasi na 2.

Darasi na 4: Yankan ciki

Don fitar da rami a tsakiyar katako, kamar cikin harafin O, ku huda ɗan ƙaramin rami a ɓangaren da za a zubar. Ku kwance maƙalin sama kaɗai, ku zura ruwa ta ramin, ku ɗaure, ku sake ɗame shi. Ku saurari ƙararsa. Ku gama yankan ciki duka kafin ku yanka gefen waje.

Darasi na 5: Gogewa

Ku ɓare takarda da salatif. Ku goge da samfefa mai lamba 120, sannan mai lamba 220. Ku share ƙura, ku shafa mai ko fenti.

Darasi na 6: Ajiye inji

Ku zare waya, ku sassauta ruwan zarto, ku share faranti, ku rufe injin da ƙyalle.