Idan firgici ya ƙi sakinka bayan ka tsira, ga ta inda za ka fara

Wata innata ta baro yankin Sabon Birni ta dawo nan cikin garin Sakkwato bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma har bayan wata biyar in kabu-kabu biyu suka wuce ƙofar gida da gudu sai ta saki abin da ke hannunta ta laɓe bayan ƙyaure tana kyarma. Kowa sai ya ce "Inna ki yi haƙuri, ki bar wa Allah." Ai ta bar wa Allah, jikin ne ya ƙi yarda an tsira.

Fara da ƙirga lokaci. Satin farko da na biyu kowa zai razana, ba abin mamaki ba ne. Amma in an wuce wata 1 har yanzu mugun mafarki na tada kai, abin na dawo maka ido biyu kamar yanzu yake faruwa, kana kauce wa hanyar wurin da abin ya faru ko hirarsa, ƙaramin motsi ka zabura, to wannan shi likitoci ke kira PTSD, kuma ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba.

Lokacin da ya taso maka, kar ka rufe ido, rufewar ce ke ƙara kawo hotunan. Taka ƙasa da tafin ƙafa ka ji ta sosai, ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, fitarwar ta fi shigarwar tsawo, shi ke sa bugun zuciya ya lafa. Sai ka ambaci abu 5 da kake gani, tabarma, buta, ƙusar bango, komai, sannan 4 da kake taɓawa, 3 da kake ji a kunne. Ni dai abin da na ga ya fi yi wa Inna aiki alwala ce da ruwan randa, a yi ta ba gaggawa, hankali na kan sanyin ruwan a hannu da fuska, in tunani ya gudu a dawo da shi ba tare da faɗa da kai ba. A riƙa yi kullum ko lafiya lau ake, minti 5 ma ya isa.

Sai dai fa wannan kwantar da wuta ne, kashe ta sai an ga masani. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na san da an ce Kware sai mutum ya ce ai ni ban haukace ba, wallahi wannan kunyar ta cuci mutane da yawa. Ka tambayi maganin zama da tattaunawa wanda ake ce wa CBT, yawanci zama 8 zuwa 12 ne, ana bin abin da ya faru kaɗan-kaɗan har ya daina fizgarka. Zaman farko-farko na iya tada hankali, kar ka gudu saboda haka. In an ba ka ƙwaya ka sani tana ɗaukar makonni kafin ta nuna, ka kuma ci gaba da addu'arka, ba sa karo da juna.

Kar ka je kyamis ka sayi diazepam ko tramadol don ka samu barci. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar a ba wanda ya fito daga tashin hankali irin su diazepam a watan farko don firgici ko rashin barci, ga shi suna kama jiki. In kuma tunanin kashe kai ya fara zuwa, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba.

Ku kuma 'yan gida, ku daina sa shi maimaita labarin ga duk wanda ya zo jaje. Mu sai da muka hana baƙi tambayar Inna "yaya aka yi" sannan ta fara fitowa tsakar gida da yamma.